Inuwar Aro

Hoto ɗaya a naɗe cikin kwali, kwamfuta a jakar goyo, goro biyar, da takardar fili wadda ba a sa wa hannu ba. Su ke nan kayan da Rahmatu ta ɗauko daga biro, wurin aikinta, tana ratsa Wagadugu a kan ɗan babur ɗinta mobilet zuwa unguwarsu ta Zango.

Saura wata guda a rushe layinsu. An ba kowa fili a bayan gari, maƙwabta duk sun fara gini. Mahaifinta, Malam Na'Allah, tsohon direban babbar mota, ya ce shi Maraɗi zai koma, inda ba wanda ya rage masa sai kaburbura. Ta tarar da akwatinsa a ɗaure cikin zaure, da abokinsa Rabo zaune a kai, motar Rabon na jira a waje.

Shekara shida ta yi a Liyon ta Faransa tana koyon yadda ake sa gidan da ba a gina ba ya fito kamar an ɗauke shi hoto. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye goro, ta warware hoton gidan da ta tsara wa sabon filin.

Gida ne fari, ɗaki uku, inuwa ta shimfiɗe rabin tsakar gida.

"Kai, Na'Allah, ka zama minista," in ji Rabo.

Tsohon ya daɗe yana kallo. "Wane lokaci ne a gidan nan?"

"Azahar, Baba."

"Azahar, inuwa ta fi bango tsawo?" Ya tura hoton gefe. "Ɗiyata, wannan rana ba tamu ba ce. Inda kika aro ta, ki mayar musu."

Ta buɗe kwamfuta ta duba. Gaskiyarsa. Tun aikinta na makaranta ba ta taɓa canza mazaunin rana a cikin kwamfutar ba: Liyon, watan Disamba. Ta goge, ta rubuta Wagadugu, Afrilu, ƙarfe ɗaya. Ta ƙara wa hoton jan taɓon da ruwan sama ke fallatsa wa gindin bango, ta ajiye buta a bakin ƙofa.

Na'urar ta shiga saƙa hoton layi-layi daga sama. Rabo ya cinye goro biyu kafin ta iso ƙasa.

Tsakar gidan ya fito fari fat, har ido na ƙin kallonsa. Inuwar da ta rage ba ta kai taƙi ba. Rahmatu ta so ta rufe, mahaifin ya tare murfin da yatsa.

"Ko kaza ba ta kwana nan," in ji Rabo. "Tashi mu tafi."

"Yanzu na ga gida," in ji Malam Na'Allah. "Mummuna ne, amma na gan shi. Ina zan sa tabarmata?"

"Babu wuri, Baba. Kuskurena ne."

"Abin nan yana iya rumfa?"

Ta ja ginshiƙai huɗu jikin bangon ɗakinsa, ta ɗora zana. Ya ce ta matsa da ita hagu, hayaƙin murhu zai dame shi. Ta matsa. Ya ce ta sa darbejiya. Ta sa babba, ya ce a'a, ƙarama, irin wadda za a dasa bana. Suka sake jira.

Wannan karon inuwa ta faɗo mai faɗin tabarma biyu, da ɗigon haske ta ramukan zana. Ya sa yatsa ya auna, kamar yadda yake auna lokacin salla a bangon zaure.

Rabo ya miƙe ya kama igiyar akwatin. "Hanya da nisa, Na'Allah."

"Ajiye," in ji Malam Na'Allah. Ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ja ƙyaure ya rufe.

"Ba ni biron rubutu da takardar filin," ya ce. "Ba na zuwa Maraɗi. Amma rumfar za a fara ginawa."