Ranar da Aka Aske Mai Kwat

Mai aski ya daɗe yana kwaɗayin kan Mai Kwat. Kwaɗayi kuwa na gaske, irin wanda kafinta yake yi in ya ga ƙofa a karkace a gidan mutane.

Duk Asabar 'yan sa-kai na unguwa suna haɗuwa a harabar tsohon gareji, su kira masu kwana a ƙarƙashin gada da bayan kasuwa. Mata su wanke musu barguna. Yayar mai aski, wadda nas ce, ta auna musu jini ta raba magani. Shi kuma ya kafa kujerarsa a inuwa yana aski kyauta. Kowa yana zama a kujerar nan, ban da Mai Kwat.

Tsoho ne da babu wanda ya san sunansa ko inda ya fito. Da abu biyu aka san shi: gemu da ya sauko har ƙirji ya cukuikuye, da wata jar kwat mai kauri da ba ya cirewa ko ana tsaga rana. Hankalinsa yana zuwa yana tafiya. Ba ya roƙo, ba ya doguwar magana. Hanyarsa kawai yake bi, unguwa kuma ta haddace hanyar. Mai shayi ya miƙa masa biredi, mai abinci ta bakin tasha ta zuba masa shinkafa da rana, mai gadin sito ya bar shi ya kwanta a bayan ganguna.

Wannan Asabar, haka kawai, tsohon ya zo ya zauna a kujerar. Mai aski ya kusa yin rawa. Ya sa almakashi ya sare gemun, ya bi da reza, ya kwashe sumar kan tas. A bayan kunnen hagu rezar ta ɗan ci shi, nas ta manna masa ƙaramar filasta tana harararsa.

"Kai dai rawar kanka ta yi yawa," in ji ta.

"Yaya, dubi mutum fa! Ango sak."

Mata suka zaɓo masa farar riga da wando cikin kayan da aka tara. Kwat ɗin kuwa suka ɗaga ta da sanda, suka ce wannan ko sabulu ya ganta sai ya gudu, suka jefa ta a durom ɗin shara. Nas ta ba shi ƙwayar ciwon sukarinsa, ta ce masa lallai ya ci abinci da rana. Ya gyaɗa kai. Aka yi ta tafi, ya fita daga gareji fes da shi.

Rana ta raba, ta ɗan karkata. Suna naɗe tabarmi wayar nas ta yi ƙara. Mai abinci ce.

"Lafiya yau Mai Kwat bai zo ba? Ga abincinsa nan har ya huce."

Mai aski ya ga fuskar yayarsa ta sauya.

"Maganin nan sauke sukari yake," ta ce masa. "In bai ci komai ba zai faɗi. In ya faɗi ba a kusa da kowa ba, ba lallai ya tashi ba. Ni zan bi gada, kai ka bi kasuwa. Ruga!"

Ya ruga. Ya tambayi mai faci, ya tambayi mai sayar da caja, ya tambayi masu dako. "Kun ga Mai Kwat?" Kowa ya girgiza kai, kowa kuma da mamaki, don mutumin nan ba ya saɓa hanyarsa. Mai shayi ya ce tun safe yake ajiye da biredinsa. Da mai aski ya isa sito, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Mai Kwat bai zo ba," in ji mai gadi. "Yau dai babu wanda ya zo sai wani dattijo mai farar riga, wai zai wuce bayan ganguna. Na ce masa Baba, nan ba hanya ba ce. Ya tsaya yana kallona, na ɗan daka masa tsawa, ya juya."

Mai aski ya matso kusa da shi.

"Kansa a aske?"

"Ƙwal. Da gani mutumin kirki ne, ɓatan hanya ya yi."

"Shi ne," mai aski ya ce. "Wallahi shi ne. Ni na aske shi."



A bakin tasha ma labarin ɗaya ne. Da ya bayyana wa mai abinci, ta saki ludayi ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Ya zo, ya tsaya a nan gabana. Na ce Baba, na nawa za a zuba? Ya yi shiru. Na ce to matsa, akwai mutane a bayanka." Ta nuna kwanon da ta rufe ta ajiye a gefe. Ta kori wanda ta ajiye wa abincin, tana zaune tana jiransa.

"To yaya kamanninsa yanzu, mu baza yara... mu baza kowa a nema?" ta tambaya.

A nan ne tsoro ya gama kama mai aski. Ya buɗe baki zai kwatanta, ya ga babu abin da zai faɗa. Ya riƙe haɓar mutumin nan da hannunsa, ya juya ta dama ya juya ta hagu, amma gashi yake kallo, yana jin daɗin aikinsa. Hancin dogo ne ko gajere? Oho. Hoto kuma babu, don dokar ƙungiya ce ba a ɗaukar hoton kowa, kuma yayarsa ce da kanta ta kafa ta don kare mutuncin mutane. Shekara da shekaru unguwa guda tana ciyar da gemu da kwat.

Wayarsa ta yi ƙara. "Babu shi a gada," in ji nas, tana haki. "Ka same shi?"

"Yaya, ba Mai Kwat za ki riƙa tambaya ba. Babu wanda ya gane shi. Dattijo mai farar riga za ki ce."

Ta ce, "Rabin garin nan ke nan."

Gaskiya ta faɗa. Ya shiga rumfar jiran mota, sai ya ga kamar duk dattawan duniya sun yi shawara sun sa farar riga a ranar. Ya bi gabansu yana leƙa fuska ɗaya bayan ɗaya, har wani ya ce masa, "Malam, bashi kake bi na?" Ya fita, ya zagaya wajen masu lodi, ya dawo. Yana ta hango tsohon kwance a wani lungu, mutane suna wucewa suna cewa barci yake.

Sai ya daina bin gaba, ya koma bayan bencina, don a bayan mutum ya saba tsayawa duk rayuwarsa. Ya bi ƙeya yana dubawa. Wannan askin inji ne. Wannan ya kwana biyu. Wannan da hula. A bencin ƙarshe, kusa da ginshiƙi, ga wani kai sabon aski, da ƙaramar filasta a bayan kunnen hagu. Ya wuce ta gaban bencin nan ɗazu.

Tsohon ya jingina da ginshiƙi, idanunsa a lumshe, gumi yana tsattsafo masa, hannayensa suna karkarwa a kan cinya. Matar da ke kusa da shi ta ce a hankali, "Kada ka tashe shi, bawan Allah ya gaji. Ni na matsa masa ya zauna."

"Baba! Baba, buɗe ido!" Mai aski ya kira yayarsa, ya fizgi kwalbar lemo daga tiren wani mai talla, ya tallafi kan, yana ɗura masa kaɗan-kaɗan kamar yadda yayarsa take umartarsa ta waya. Rabi yana shiga, rabi yana bin farar rigar. Ya yi ta kiran Baba har muryarsa ta dushe. Can maƙogwaron ya motsa da kansa. Idanun suka buɗe.

Kafin nas ta iso, mai abinci ta kawo kwanon da gudu, tana kuka tana ba shi haƙuri. Tsohon ya ci loma kaɗan, ya dubi mai aski.

"Yau kowa sai gaishe ni yake," ya ce. "Amma babu wanda ya ba ni abinci."

Mai aski ya bar shi a hannun yayarsa, ya koma gareji, ya zura hannu cikin durom har kafaɗa, ya zaro jar kwat ɗin daga ƙarƙashin gashin da ya share da safe. Ya kakkaɓe ta, ya kawo, ya sa masa a kan farar rigar. Tsohon ya shafa haɓarsa.

"Zai fito?"

"Zai fito, Baba. Ba zan sake taɓa shi ba."

Suka rako shi zuwa sito a hankali. Tun daga nesa mai shayi ya hango jan nan, ya ɗaga biredi sama yana ihu, "Mai Kwat! Ina ka shiga yau?" Ya miƙa masa, ya koma kan tukunyarsa, ko gemun da babu bai lura ba.

Mai aski ya sha gaban tsohon, ya tsaya yana kallonsa. Hancin dogo ne. Akwai tabo a girar dama. Bai matsa ba sai da ya tabbata ya riƙe fuskar.