Notin da Arzika Ya Bari

A Yelwa, in ka ji an ce wa mutum "kai ma ka zama Arzika," to ana nufin ya cika nawa wajen aiki. Kuma ba sharri aka yi wa tsohon ba. Aikin da wani bakanike zai gama kafin ka shanye kofin kunu, Arzika sai ya kai ka azahar. Garejinsa wata rumfar kwano ce a bakin hanyar da motocin Wara ke shigowa gari, da rami guda da ya haƙa da hannunsa, da benci mai ƙafa uku wanda tsohuwar taya ke tallafe da kusurwarsa ta huɗu.

Abin da ya raba shi da sauran makanikai shi ne sifanarsa mai awo. Doguwa ce kamar hannun mutum, da lambobi a jikin mariƙinta. Ka saita lambar da kake so, ka ja a hankali, in noti ya kai inda ya kamata sai ta yi ƙas, ka tsaya. Wani Bature ɗan Italiya ya bar masa ita da aka gama ginin madatsar Kainji, inda Arzika ya yi shekara huɗu yana gyaran manyan motocin ɗaukar ƙasa. Sauran makanikan garin kuwa bututun ƙarfe suke zura wa sifana, su hau kai da ƙafa, su matse har noti ya yi kuka. Mu kuma da yake abin da ido ya gani muka fi yarda da shi, mun ɗauka wanda ya fi zubar da gumi shi ya fi iya aiki.

"Noti ba abokin gabanka na ba," in ji Arzika. "Ka matse shi ya wuce ƙima, shi karye maka cikin daji. Ka sake mai, shi kwance. Komi da awonai."

Mun ji, mun gyaɗa kai, mun kai motocinmu wajen masu bututu.

Akwai abin da tsohon yake ɓoyewa, ko da yake duk garin an sani: kunnensa ya tafi. Ƙarar injunan madatsa da bugun guduma na shekara talatin sun cinye shi kaɗan-kaɗan. Ko me ka ce masa, sai ya amsa da "To, madalla," ya yi murmushi. Har ƙas ɗin sifanarsa ya daina ji da kunne, sai dai ya ji ta a wuyan hannunsa. Matarsa Zulai'atu, wadda ta iya yi masa magana da ido da leɓe, ta rasu damina uku da suka wuce. Ɗansa Faruk yana Legas, wasiƙarsa daga salla sai salla. Mutane kuma sun gaji da ɗaga murya, sai su ɗaga masa hannu daga nesa su wuce. Ni ma ina cikinsu, kuma ba na alfahari da hakan.

Abu ɗaya ya rage a duniya da Arzika ke ji sarai, shi ne motar Philip.

Philip Bakambare ne daga wani ƙauye kusa da Wara, direban wata tsohuwar fijo a-kori-kura da yake ɗauko busasshen kifi da ita daga bakin ruwa zuwa kasuwar Yelwa. Hanyar Wara ba ta barin salansar motar, wato bututun hayaƙinta, ta zauna lafiya. Kullum cikin fashewa take, ko ta huje, ko ta saki daga wuyan inji, sai motar ta riƙa ruri tun daga nesa, awaki na watsewa. Kowa na tsine wa wannan ƙara ban da Arzika. Da ya ji ta a ƙirjinsa sai ya miƙe, ya kaɗe benci, ya aika a kawo kunu kofi biyu. Philip ne kaɗai ke zama ya fuskance shi, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai, har ya taɓa masa gwiwa in zai fara sabon zance. Tsohon ba ya iya faɗin sunan daidai, Hilib yake ce masa.

Akwai kuma wata doka ta Arzika da Philip kaɗai ke bi. In ya ɗaure notocin salansa, sai ya ce a je a yi tafiya guda a dawo ya sake bi ta kansu, domin ƙarfe in ya sha zafi ya huce, gaskit, wato faifan da ke toshe mahaɗar ƙarafan, yakan kwanta, noti ya ɗan saki. Gaskiya ce, kowane bakanike na ƙwarai ya san haka. Amma ni na san wannan dawowar ta fi aikin daɗi a wajen tsohon.

Shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi, garin ya fara zubewa zuwa Birnin Kebbi. Malaman ofis, magina, masu sayar da abinci, kowa na cewa can ake rabon arziki. Wata Talata da hantsi motar Philip ta shigo da rurinta, amma babu kwandunan kifi a bayanta. Katifa ce, da tukwane, da akwatin ƙarfe, da keken ɗinki an ɗaure da igiya. Arzika ya dubi kayan, ya dubi Philip. Bai ce madalla ba.

Philip ya zauna a benci ya taɓa masa gwiwa. "Baba, na samu aikin tuƙi Birnin Kebbi. Yau za mu tahi, ni da Ladi da jinjira. Tana gidan yayatta tana sallama."

"Yau?"

"Yau, Baba. Amma ba ni hawa wagga hanya sai ka duba man salansa. Hayaƙi na shigowa ciki. Jiya har kaina ya yi ciwo, ina tuƙi ina jin barci."

Arzika ya shiga rami ya duba. Gaskit ɗin da ke tsakanin inji da bututun hayaƙi ya ƙone, noti biyu sun saki, ɗaya ya ɓace. Ya fito ya ce sai inji ya huce tukun, shi ba ya ɗaure ƙarfe mai zafi. Suka zauna suka sha kunu. Da inji ya huce ya kankare bakin ƙarfen har ya yi sumul, ya sa sabon gaskit, ya zura notoci da yatsunsa. Sannan ya ɗauko sifanar daga cikin tsumman da yake naɗe ta, ya saita ta ƙasa da awo, ya bi su daga na tsakiya zuwa na gefe, wannan ɓangare sannan wancan, don kada bakin ya karkace. Ya ƙara lamba ya sake bi.

"Tunda ba ka dawowa," ya ce, "sai mu yi tahiyar nan wuri guda. Tada ta ta yi zahi, mu bari ta huce, in sake bi."

Philip ya dubi rana. Ya san tsohon bai yi ƙarya ba, ya kuma san ba don noti kaɗai yake son ya tsaya ba. Ya tada mota.

Haka suka wuni. Suka yi zancen kifi da ya ragu a tafkin Kainji, da tsibiran da ruwa ya cinye, da ranar da Philip ya fara kawo motar nan ana turo ta. Philip ya sayo tuwon shinkafa suka ci a kwano ɗaya. Arzika ya yi sallar azahar a gefen rumfa, Philip na zaune yana jiransa. Rabon tsohon da ya yi doguwar magana haka tun rasuwar Zulai'atu, har maƙogwaronsa ya bushe.

Bayan la'asar inji ya yi sanyi. Ya koma rami don bi na ƙarshe. Na tsakiya, ƙas a wuyan hannu. Na kusa da shi, ƙas. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga na can baya, wanda ke maƙale a lungu, inda ido ba ya kaiwa sai dai hannu ya lalubo. Ya ɗora sifana, ya ji notin ya saki fiye da sauran. Sai hannunsa ya tsaya.

Ya san abin da zai faru in ya bar shi haka. Yau ba komai. Gobe ma ba komai. Amma kafin sati biyu girgizar hanya za ta kwance shi, gaskit ya sake hurawa, motar ta koma rurinta. Philip kuwa bai yarda da hannun kowa a kan salansarsa ba. Zai zagi masu bututun Birnin Kebbi, ya nemi hutun kwana guda, ya kamo hanyar Jega da Koko ya dawo Yelwa. Zai zauna a bencin nan ya taɓa masa gwiwa. Ba wanda zai taɓa sani. Noti ɗaya ne, kuma ai noti kan kwance da kansa.

Shekara talatin bai taɓa barin noti ƙasa da awo ba. Ranar nan ya zare sifanar, ya fito daga rami, ya goge hannu da tsumma, bai dubi Philip ba.

"An gama," ya ce.

Kada wani ya yi saurin ganin laifinsa sai ya ɗanɗana zama cikin mutane alhali ba ya jin kowa. Kaɗaici ya fi yunwa sa mutum abin kunya.

Nan Ladi ta iso, goye da jinjirarta 'yar wata huɗu, riƙe da ƙullin kaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da madalla. Ta kwance goyon, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga, ta kwantar da yarinyar a cinyarta. Da ta gyara ƙafa sai wani kwali da ke shimfiɗe a ƙasan motar ya zame. Arzika ya ga abin da kwalin ke rufewa: tsatsa ta ci ƙarfen, rami ne da hannu zai shiga, kana hango ƙasa ta cikinsa. Ya san wannan rami. Ya san kuma abin da ke daidai ƙarƙashinsa, domin yanzu ya fito daga wajen.

Ya tuna maganar Philip ta safe, ina tuƙi ina jin barci. Ƙato ke nan mai ƙarfi. Ya dubi jinjirar, hancinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba, tana barci baki buɗe. Ya tuna damina ta kusa, za a riƙa rufe gilashi.

Philip ya riga ya zauna ya sa makulli. Arzika ya buga bonet da tafin hannu.

"Dakata! Kak ka tada."

"Lahiya, Baba?"

"Akwai guda da ban gama ba."

Philip ya leƙo yana dariya, ya ɗaga murya yadda tsohon zai ji. "Kai, Baba! Kai da ba ka mantuwa?"

"Ban manta ba," in ji Arzika. 

Ya sauka rami, gwiwoyinsa na ƙara. Ya lalubo notin baya, ya ɗora sifana, ya ja a hankali kamar yadda Baturen nan ya koya masa, ba fizga, ba gaggawa. Notin ya juya, ya ƙara juyawa, ya fara nauyi. Sai ƙas a wuyan hannunsa. Ya daɗe riƙe da sifanar a wurin, idanunsa sun cika, ya bar wa ƙurar ƙarƙashin mota laifin. Da ya fito ya yanko wani gutsuren kwano, ya rufe ramin ƙasan motar, ya danne shi da ƙusoshi huɗu.

"Yanzu an gama," ya ce. "Wagga ba ta sake damunka. Ko shekara kay yi, ba ka buƙatar kowa shi taɓa ta."

Philip ya fito ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya faɗi maganganu da yawa, amma ya manta bai fuskance shi sosai ba, saboda shi ma kansa na sunkuye. Arzika bai kama ko ɗaya ba. Ya ce, "To, madalla. Allah shi kiyaye hanya."

Ba ya son su ga fuskarsa, sai ya juya ya shiga rumfa. Ya mayar da lambar sifanar ƙasa kamar yadda yake yi kullum in an tashi aiki, ya goge ta da mai, ya naɗe ta a tsummanta. Yana yi yana kasa kunne, yana jiran rurin nan ya bugi ƙirjinsa, don ya juyo ya ɗaga musu hannu, ya raka motar da ido har ta sha kwana.

Ni ina tsallaken hanya, na ga komai. Philip ya tada mota, ta tashi lumui kamar sabuwa. Ya hau bakin hanya, ya leƙo ta taga ya kira "Baba!" har sau uku. Ladi ta ɗago hannun jinjirar tana kaɗa masa. Suka ɗan jira. Wata babbar mota ta matso a bayansu tana neman hanya, dole Philip ya ja.

Arzika ya gama naɗe sifanarsa, ya ɗaure bakin tsumman, ya ajiye ta a mazauninta. Ya tsaya yana jira har ya ga jiran ya yi yawa, ya ce a ransa ko batir ne ya ƙi. Ya juyo zai ce a tura.

Babu komai a kan ramin sai sawun taya da kofunan kunu biyu a kan benci.