Ƙawar Raudatu

Hansai tana kan keken ɗinki wata mai kawo mata ɗinki, Naja'atu, ta tura mata waya gaban fuska.

"Irin wannan hannun rigar nake so."

Raudatu ce a ciki, zaune a falon wani otal na Abuja ana hira da ita. Duk Funtua an san sana'arta: manyan masu kuɗi ke kiranta su kwana da ita, har jirgi suke biya mata. Matan da ke jiran ɗinki suka matso, wannan na cewa Allah ya shirya, waccan na tambayar sunan leshin.

Benci ɗaya suka zauna da Raudatu a sakandare a Malumfashi. Hansai ce ke yi mata lissafi, kuma Hansai samari ke tarewa a hanya. Yau ga ta ƙafa a kumbure, tana kwaikwayon rigunan Raudatu.

Wajen azahar wani saurayi mai shafin labarai, Shitu, ya yi sallama da kyamara.

"Hajiya, an ce ke ce aminiyar Raudatu. Mutane na son jin asalinta."

Ta so ta kore shi. Sai ya ce dubban mutane za su gan ta. Ta shiga ciki ta shafa hoda, ta yafa mayafinta na biki.

Ta faɗi yadda Raudatu ke aron takalminta. Ta ce farin nan duk mai ne. Da ya tambayi iyayenta, ta ce uwar, Inna Tsohuwa, tana can Malumfashi tana sayar da ƙuli, an ce mata 'yarta atamfa take sarowa daga Dubai. Har layin gidan ta kwatanta.

Bayan la'asar bidiyon ya fito. Fuskar Hansai ta gilma sau ɗaya, sauran duk muryarta ce a kan hotunan Raudatu, cikin mota, bakin teku, riƙe da jaka. Ko sunanta ba a sa ba. Masu sharhi suna ta yabon hancin Raudatu. Wata ta rubuta, "Wannan mai maganar baƙin ciki ne zai kashe ta."

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Inna Tsohuwa ce.

"Hansai, yara sun cika min ƙofar gida da wayoyi, suna faɗin wata magana a kan Raudatu. Wai ke kika kwatanta musu gidan."

Inna ta ci gaba.

"Na ce musu ƙarya suke yi, Hansai 'yata ce. Ki zo gobe ki faɗa musu da bakinki, kin ji?"

"To, Inna," in ji Hansai.