Faifan da Japhet Ya Ajiye Don Iri

A shekarar 2006, duk Zuru babu wanda ya kai Japhet sanin kwamfuta. Shi ne ya faɗa, kuma ba a samu mai ilimin ƙaryata shi ba. Wata shida ya yi yana koyo a Kaduna, ya dawo da satifiket da tabarau wanda idonsa bai nema ba, Oga Cletus mai shagon hoto ya ɗauke shi aiki.

Ranar da Oga Cletus ya sayo babbar kwamfutar ajiya, wadda masu sana'ar ke kira saba, injiniyan da ya kawo ta ya ba su zaɓi. Faifai biyu ne a cikinta. Ko a haɗe su su zama rumbu guda mai faɗi da sauri, amma ɗaya na mutuwa komai ya tafi, ko a mai da su tagwaye, duk hoton da aka zuba wa wannan ya shiga wancan nan take. Japhet ya gyara tabarau, ya zaɓi tagwaye. Iyakar aikin hankalinsa ke nan, daga nan wayo ya karɓa.

Shi ɗan manoman kan dutse ne, kuma a gidansu ba a haɗa dawar iri da ta ci, daban ake rataye ta. To don me za a bar faifai biyu su yi ta juyawa tare, su tsufa tare, wuta ta ƙone su tare? Injiniya na shiga mota, Japhet ya zare na biyun, ya naɗe a tawul, ya kulle a durowa. Saba ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa, ya lalubo wayar ƙararrawar ya tsinke. Har tausayin injiniyan ya ji, ga digiri ba dabara.

Bayan wata takwas sai ga Mama Larai daga Manga, da hoton mijinta, Saja Kefas, wanda ya rasu a yaƙin Laberiya. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya, ruwa ya jiƙa shi, gara ta ci gefensa. So take a faɗaɗa shi don addu'ar tunawa a coci ranar Lahadi. Japhet ya ɗora shi a gilashin sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, hoto ya shiga. Da ya zo ɗagawa, fuskar ta manne a gilashi, farar takarda ta biyo hannunsa. Mama ta dafe ƙirji.

"Kar ki damu, Mama," in ji shi. "Baba ya shiga inji. Wurin ga ko gara ba ta isa ba."

Ranar Alhamis injiniya ya aiko da fulofi, ɗan faifan nan da ake zura wa kwamfuta, sabuwar manhaja ce ta katin da ke sarrafa faifan. Ya haɗo da takarda: a kwafe komai a ajiye wani wuri tukuna, kuma kada wuta ta yanke ana cikin aiki. Japhet ya karanta gaisuwar, ya ninke sauran. Ya girgiza janareto, ya ji mai yana motsi, ya ce ya isa.

Aiki ya kai rabi, janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Da aka sake tayarwa, kati ya ce bai san faifan ba, ya yi wata doguwar tambaya da Turanci. Mai tabarau ba ya tsayawa tunani a gaban ubangidansa. Ya danna e, faifai ya koma fes, ko hoto ɗaya bai rage ba.

"Japhet, ka kashe ni!" in ji Oga Cletus, hannu biyu a ka.

"Oga, kwantar da hankalinka. Don rana irin wagga na yi tanadi."

Ya buɗe durowa a tsanake, ya warware tawul, ya sa faifan, yana murmushi. Babu komai a ciki. Yadda ya cire shi wata takwas da suka wuce, haka ya same shi, sabo dal, lafiya lau. Da ya buga wa injiniyan waya, mutumin ya roƙe shi ya maimaita a hankali don abokan aikinsa su ji.

Asabar Mama Larai ta iso da firam ɗin sa hoto da ta saya, a naɗe cikin ɗankwali. Japhet ya cire tabarau, ya durƙusa, ya faɗa mata gaskiya duka. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ita kuwa sai ta zauna a benci, ta daɗe tana shafa gilashin firam ɗin.

"Ɗana, kai ne na ƙarshe da ya gan shi," ta ce. "Akwai tabo a girarshi. Kwana biyun ga ina ta tunani, na kasa tunawa. Hagu ne ko dama?"

Japhet ya laluba kansa. Ya tuna girman hoton a cikin inji, ya tuna lambar da ya ba shi, har da minti nawa sikana ta ɗauka.

"Mama," ya ce, "ban duba ba."