Tayil ɗin Tsohon Tela

Tun ranar da tsohon tela ya zame a banɗaki, babban ɗansa ya yanke hukunci: shi zai riƙa yi masa wanka, kuma ba za a ƙara sa wa ƙofar sakata ba. Tsohon bai musa ba, sai dai ya rage cin abinci. 'Ya'yan yanzu suna zaton kula da iyaye shi ne a karɓe musu komai. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana suturta jama'a ba ya son a tuɓe shi kamar jariri.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta roƙi yayanta ya bari a sake tayil ɗin banɗakin tukuna. In Baba ya iya tsayawa da ƙafarsa, a bar masa sakatarsa. Ya yarda, amma ya ce faɗuwa ɗaya, magana ta ƙare.

Ta kai Baba shagon tayil. Yana shiga ya manta da ciwon ƙugu. Ya bi jerin samfuran yana shafa su da tafin hannu, yadda ya saba shafa yadi, har ya tsaya kan wani shuɗi mai furanni, mai ƙyalli, sumul. Ya ce wannan shi ne kaya. Da mai shago ya nuna masa wani ruwan ƙasa mai kaushi, ya ture shi, ya ce ko buhu ya fi shi laushi.

Auta ba ta yi masa gardama ba. Ta sa aka shimfiɗa biyun a ƙasa, ta ari buta ta jiƙa su, ta durƙusa ta cire masa takalmi.

"Baba, ba hannu ne zai taka ba."

Ya harare ta. Ya ce wato ta kawo shi kasuwa ne ta nuna wa duniya dugadugansa. Amma ya ɗora ƙafa kan shuɗin. Ƙafar ta tafi kaɗan, sandarsa ta yi rawa, Auta ta tare shi. Ya ƙura wa furannin ido.

Sannan ya matsa kan mai kaushin. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya ɗora ta biyu, ya miƙa mata sandar. Hannunta ya tashi zai kama gwiwar hannunsa, ta mayar da shi bayanta ta riƙe da ɗayan. Wannan ya fi mata komai wuya, kuma shi ne daidai.

Tsohon ya juya dama, ya juya hagu, ya sunkuya kamar mai ɗibar ruwa, ya miƙe.

"Mummuna ne," ya ce wa mai shago. "Auna mana shi."

Shuɗin kuwa ya sa a ba shi kaɗan, a yi layi a bango, inda ido kawai zai kai.

Da magini ya gama aikin, Baba ya ɗauki tawul ya shiga. Babban ɗan ya taso, Auta ta riƙe masa riga. Suka ji sakata ta shiga. Suka tsaya a bakin ƙofa suna sauraron zubar ruwa, kowa ya ƙi motsi.

Can sai ruwan ya tsaya.

"Ina ganin inuwar ƙafafunku ta ƙarƙashin ƙofa," in ji Baba. "Ku je ku zuba mini abinci, da yawa."