Gorunan Mamari

Shekarar da fari yak kashe muna shanu, abin da yar rage gidanmu mamari guda ne: doguwar igiya mai ƙugiya ɗari uku. Ɗana Dodo shi ka shimfiɗa shi cikin tabkin Tabalak, ni in ƙyafe kihin. Baki tara ka ci gare shi.

Mamari ƙarƙashin ruwa shike kwana. Abin da ka nuna wurinshi ƙananan goruna ne da aka ɗaurewa ga igiyar, suna yawo bisa ruwa. Ko akuyar garin ga ta san haka.

Sai ga wani Alƙasum daga Tawa da jirgi mai inji, wai an aiko shi awon zurhin ruwa. Kullum sai ya ratsa tabki da gudu, ya kore kihi. Nic ce ma Dodo shi yi magana. Yac ce, "Inna, kaki gare shi, kuma zamanin soja ne." Ɗan nan ko kaza ta taka shi, shi ka ba ta haƙuri.

Ran talata da hantsi ina hura wuta, sai ga Alƙasum bakin gida da buhu, yana washe baki.

"Inna, an ce naku ne. Iska ta kai su tsakiyar ruwa, na tsinto muku."

Yaz zazzage. Gorunanmu, duka.

"Tsintowa?"

"Da wuya ma. Sun sarƙe ga wata igiya, sai da nis sa wuƙa."

Godiya shike jira, wallahi. Dodo yaz zamna ƙasa, yar riƙe kai.

Ban tahi wurin mai gari ba, shi ma kakin shike tsoro. Nij ja zane, nit tahi bakin tabki, nish shiga jirgin nan niz zamna.

Alƙasum yab biyo ni. "Inna, jirgin gwamnati ne."

"To gwamnati ta zaka ta hidda ni. Kai da kay yi karatun lakkwal, gora ka ɗaure kanshi cikin ruwa?"

Masunta sunka taru suna dariya. Wani yac ce, "Mushe Alƙasum, gobe ka tsinto muna jiragenmu, su ma yawo sukai."

Zuhwa tak karyo ma Alƙasum. Yak kai hannu ga inji.

"Kak ka taɓa shi. Sanda za ka kama. Wannan abin naka shi ka tsinke igiya."

Haka munka wuni. Shi yana turi da sanda, Dodo yana jan ƙarhe mai ƙugiya ta ƙasan ruwa, ni ina nuna inda nike zato. Munka hiddo ƙaya, munka hiddo ƙahon sa. Hannun Alƙasum duk yay yi kanta. Ban ji tausai ba.

Wajen la'asar ƙarhe yak kamo igiya. Rabi ce. Kihin da ke gare ta ya kumbura, sai wari. Sauran rabin na can cikin laka.

"Gobe da sahe," nic ce, "nan za ka iske ni."

"To, Inna." Yad dubi tabki, gorunan mutane ko'ina. "Wai waɗanne ne ba a taɓawa?"

"Duka, ɗan nan. Duka."