Kifayen Tankin Ƙarshe

Aikina shi ne in karɓi ruwan da birnin nan ya gama ƙazantawa, in tace shi, in tura wa masu lambu ta bututu. In na faɗi haka mutane sukan toshe hanci, amma ban taɓa ganin wanda ya toshe baki da aka kawo kabeji ba.

A tankin ƙarshe, dab da mafitar ruwa, ina kiwon kifi, ba don ci ba. Na'ura abin da aka koya mata kawai take aunawa, kifi kuwa duk abin da ya shigo shi ke fara sha.

Wata safiya na tarar sun taso sama suna haki, wasu har sun juya ciki. Allon awo kuwa yana nuna komai lafiya lau. Ban tsaya shawara da kowa ba, na rufe bututun da hannuna.

Damuwata ɗaya ce, Kawu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, kuma bai daɗe da dasa tumatirin da ya sha wahalar reno a lambunsa mai shan ruwan bututun nan ba. Sabon dashe ba ya jure ƙishi a irin wannan zafi.

Kafin rana ta take sai ga shi a ofis, da taɓo har gwiwa. Ya ƙi zama. Ya ce shi ya goya ni, yau kuma zan kashe masa gona saboda kifin da ba zai cika tukunya ba.

Na ce, "Kawu, in na buɗe, ba tumatir kaɗai za ka rasa ba, har ƙasar."

Ya fita ko sallama babu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban buɗe ba.

Da sakamakon gwajin ruwan da na aika ya fito, ashe wata masana'antar rini ce ta malalo guba a magudana. Muka karkatar da ruwan, muka wanke tankuna, sannan na buɗe. A lokacin, dashen Kawu ya riga ya ƙone ƙurmus, kuma ya daina ɗaga wayata.

Ina tsaye bakin tankin da ba kifi ko ɗaya, sai na ji an dire bokiti a bayana. Kawu ne, fuska a murtuke. 'Yan kifaye ne fal a cikin bokitin suna wutsil-wutsil.

Ya ce, "Zuba su. Gobe zan sake dashe, kuma ba na son ruwan da ba a ɗanɗana ba."